Ƙofar da Na Sa Aka Rufe

Shekara biyu da ba mu jiha aka kawo kwamfuta ofishin ƙungiyarmu ta manoma a Gusau. Wasu masu ba da taimako suka kawo ta, suka koya wa Bashiru, suka yi gaba. Bashiru mijin autata ne, Amina. Tun da aka ɗaura masu aure bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. In ya zo Tsafe gaisuwa, a zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, mu gaisa ta bayan zana.

Ƙungiyar kashi uku ce. Akwai masu auduga na Gusau, su Alhaji Abubakar ciyaman. Akwai masu kiwo na Bungudu, Malam Bawa ke jansu. Sai mu matan Tsafe masu ajiyar wake, mu talatin da 'yan kai, ni ce uwarsu. Kowane kashi da nashi akwatin cikin kwamfutar. Kullum da hantsi Bashiru zai haɗa ta da waya, ta yi wani kuka kamar an taka kyanwa, sai wasiƙu su zubo. Ya buga su a takarda, ya raba. Namu kuwa direban mota ke kawowa ran Alhamis, mu taru a tsakar gidana, Lantana sakatariyarmu ta karanta Turancin tana juya muna da Hausa.

Da fari abin daɗi. Mu ji farashin wake a Legas muna zaune kan tabarma. Daga baya sai wasu wasiƙu suka fara shigowa waɗanda ba mu san masu su ba. Wanga ya ce mun ci mota, wancan ya ce yana sayar da fili a wata ƙasa. Mukan yi dariya mu ba yara takardar su naɗe ƙuli.

To, Lantana tana da wani hali, ba ta duba gaba. Tana karantawa tana fassarawa, layi bayan layi, kamar mai tsinkar zogale. Wata Alhamis ta ɗauko takarda ta fara.

"Wanga ya ce, ya ke uwargida, shin mijinki ya daina... ya daina..."

Ta ninke takardar. Amma ta riga ta faɗi rabin abin, sauran kuma kowa ya ƙarasa a ranshi. Maganin maza ne ake talla, da bayani dalla-dalla. A wurin akwai matan 'ya'yana biyu, akwai wata da uwar mijinta gefe guda. Kowa ya sa ido ƙasa. Rabi, ƙawata tun muna 'yan mata, ita kaɗai ta buɗe baki.

"Ke Lantana, ƙarasa mana. A wace kasuwa yake baza kaya?"

Aka fashe da dariya, ni ban yi ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, takardar nan kafin ta iso gidana ta bi ta hannun surukina. Shi ya buga ta, shi ya ninke ta, ya rubuta sunana a bayanta.

Ran Litinin na hau mota zuwa Gusau. Na tarar ciyaman ma ya kira shugabanni, don tarkacen wasiƙun nan sun fara cinye lokacin waya. Muka zauna a ofis, ni kan tabarma kusa da ƙofa, Bashiru gaban kwamfutarshi ya ba ni gefe, yana magana yana kallon bango.

Ya ce zai iya sa wa kowane akwati mai gadi, kuma kowane kashi shi zai faɗi irin gadin da yake so. Hanya uku ce. Ko a bar ƙofa buɗe, kowa ya shigo. Ko a tsayar da baƙuwar wasiƙa a gefe, awa baƙo a zaure, sai an duba ta a shigo da ita ko a kore ta. Ko kuma a rubuta sunayen waɗanda aka sani, duk wanda ba ya ciki a share wasiƙarshi tun daga bakin ƙofa, ba wanda zai gan ta.

Ciyaman ya ce, "Nawa bar shi buɗe. Mai sayen auduga ba ya aiko da sallama kafin ya zo."

Malam Bawa ya ce a tsayar mashi da nashi a gefe, in ya shigo Gusau ya duba.

Aka juyo kaina. Na ce, "In an tsayar da ita gefe, wa ke dubawa?"

Bashiru ya ce wa bango, "Ni ne, Inna."

"Ka karanta ta ke nan."

"Sai na karanta zan san ko ta kirki ce."

Na ce to a share. Na lissafa mashi mutum huɗu: Malam Tukur na kamfanin da ke kawo muna hodar ajiyar wake daga Kaduna, dillalinmu na Legas, wata mata ta masu taimakon da suka kawo kwamfutar, da ofishin gona. Na ce bayan waɗanga ko wa ya rubuto, ban san shi ba.

"Inna, da dai an ajiye su ko na kwana bakwai ne. Wani lokaci mutum kan canza..."

"Na ce a share."

Da ba surukina ba ne, da ya ja da ni. Da ni ma wata ce, da na faɗi mashi dalilina a fili, mu nemi wanda zai riƙa dubawa ba shi ba. Amma ta ina zan fara maganar da mijin ɗiyata? Ya sunkuyar da kai, ya daddanna abinshi, ya ce an gama. Ciyaman ya ce, "Hajiya ta kafa doka," aka yi dariya, aka kawo lemo.

Muka samu lafiya wata biyar. Takarda biyu, uku, duk na mutanen kirki.

Da kaka ta yi, sababbin gwangwanayen hoda suka iso, guda shida. Sauran mata suna da ragowar ta bara, ni tawa ta ƙare, sai na fasa ɗaya na barbaɗe buhuna guda, tiya arba'in cif, na ɗinke baki. Yadda muka saba, a bar shi ya kwana arba'in, in za a ci a sheƙe a wanke. Ya cika kwanakinshi, na kwance, na fara fitar da biki.

Ni ba na manta abin da aka kawo mini. Wadda ta kawo mini tiya ɗaya ran bikina, na san ta, na san ranar, kuma ran nata biyu za ta gani. Cikin kwana huɗu na rarraba na waɗanda hidima ta same su. Mafi yawa ya tafi Bungudu gidan Hafsat, wadda ta kawo mini tiya biyar ta shinkafa lokacin auren Amina. An yi mata jika, na aika mata tiya goma a yi alala ran suna. Ni gwiwata ta hana ni zuwa, iyakata tasha, na damƙa wa direba.

Ran sunan, rana ta ɗaga sosai, ina zaune ina gyaran kuka, sai na ji babur ya tsaya ƙofar gida. Ban ji sallama ba. Na ɗaga kai, sai ga Bashiru tsakiyar gidana, da takalmi a ƙafarshi, yana kallona cikin ido.

Na ce, "Amina?"

"Lafiyarta lau. Inna, sabuwar hodar nan, an fasa ta?"

"Na fasa ɗaya."

"An ci waken?"

Akwai takarda a hannunshi. Ya ce da safen nan wasiƙa ta faɗo akwatin ciyaman, daga wata ma'aikaciyar kamfanin. An ɗauke Malam Tukur daga wurin, ita aka ba aikinshi, da nata sunan take rubutu. Ta ce an yi kuskure wajen zubi, gwangwanayen da aka aiko Tsafe ba hodar ajiyar abinci ce a ciki ba, ta iri ce, wadda ake cuɗa wa abin da za a binne a ƙasa. Wanki ba ya fidda ta. Kada mutum ya ci, kada dabba ta ci. Ta ce sau uku tana rubuto wa matan Tsafe cikin kwana ashirin, ba amsa, shi ya sa ta nemo sunan ciyaman.

Kwana ashirin. Lokacin da ta fara rubutowa, buhuna na nan a ɗinke.

Na tashi, ban ji gwiwar ba. Na jawo buhun, na ɗauko tiya na auna abin da ya rage. Sha bakwai. Ashirin da uku ke nan a waje. Na aika aka kira Lantana, ta zo da gudu da gyale a hannu.

Na ce, "Riƙe a kanki. Rabi uku. Gidan liman biyu. Matar mai dawa biyu. Binta ta bayan makaranta ɗaya. 'Yandoto gidan ƙanena huɗu. Ki bi su ɗaya-ɗaya, ki karɓo, ko an jiƙa ki kwaso da ruwan. Sauran gwangwanayen biyar ki kulle a ɗakina."

"Sauran waken fa, Inna?"

"Bungudu. Yau suna."

Bashiru ya dafe kai. Daga Gusau, Bungudu ta fi Tsafe kusa, nesa ba kusa ba. Da ya sani da can ya nufa. Ya baro inda wutar take, ya yi tafiyar awa guda zuwa wurina.

Na ce ya wuce da babur, ni zan biyo mota. Ya ce mata ba za su saurare shi ba, baƙon namiji ya zo ya ce a sauke tukunyar suna. Na tuɓe zoben azurfar da ke hannuna, wanda Hafsat ta sani shekara talatin, na miƙa mashi. Ban ajiye a ƙasa ya ɗauka ba, a tafin hannunshi na sa.

A tasha motar Gusau saura mutum uku ta cika. Na ce wa direba ya tashi, kuɗin kujeru ukun na kaina. Ya dube ni, ya ga ba wasa, ya tayar.

Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Ina kallon inuwar itatuwa tana gajarta. Na san yadda ake hidimar suna a gidan Hafsat awa tafin hannuna. Tun safe an surfa, an wanke, an kai inji. Kafin azahar an zuba a gwangwani an ɗora. Tukunyar farko ba ta jiran baƙi, ta mai jego ce da tsofaffi. Mai jego kuma tana ba da nono. Nan tunanina ke tsayawa, sai in koma farko, in sake biyowa, in sake isowa nan. Wata mata kusa da ni tana ba ɗanta ƙosai, na rasa inda zan sa idona. Ta ce, "Inna, ko ba ki da lafiya?" Na ce lafiya lau. Na ci gaba da salati a raina.

A Gusau na sauka na hau ta Bungudu. Ana kiran azahar muna kan hanya.

Tun daga bakin lungu na ga mutane tsaitsaye ƙofar gidan, ba kiɗa, ba guɗa. Na dafa bango na tsaya, ina sauraro ko zan ji kuka. Ban ji ba. Sai na ga baburin Bashiru jingine, na ƙarasa.

A tsakar gida an sauke tukwane biyu, an kife masu faranti, tururi na fita ta gefe. Can wajen turke awaki biyu kwance, ɗaya ta riga ta miƙe, ɗayar tana shure-shure da kumfa a baki. Su aka ba dusar waken da ruwan wanki tun safe. Hafsat na tsaye da zobena a hannu.

Na ce, "Wa ya ci?"

"Ba a kai ga rabawa ba. Ana sauke ta farko yaronki ya iso."

"Mai jego?"

"Kunu ta sha."

Na zauna a ƙasa inda nake, ba tabarma.

"Amma Halimatu ta ɗanɗana ƙullun, ta ji gishiri," in ji Hafsat. Halimatu ƙanwar mijinta ce, ita ke riƙe da girkin. "Sau biyu ko uku. Tana ta amai, an tafi da ita asibiti."

Ta matso, ta rage murya. "Da fari na ce ƙarya ne. Na ce wa zai aiko mini da guba, Inna? Sai ga awakin nan sun faɗi. Kin ga yadda mata ke kallonki? Faɗa masu da bakinki, kada su tafi da wata magana."

Na miƙe na faɗa masu. Ban ɗora wa kamfani duka ba, ban ɗora wa Bashiru ko kaɗan ba. Na ce an aiko da gargaɗi sau uku, ni na sa aka rufe ƙofar da zai shigo. Wata mata daga can baya ta ce, "Ƙofar mi?" Maza suka haƙa rami bayan gida, aka zuba alalar da ƙullun da awakin, aka rufe. Baƙi suka ci tuwo da miyar kuka ran sunan jikan Hafsat.

Muka bi ta asibiti. An sa wa Halimatu ruwa, idonta biyu. Ta gan ni ta ce, "Inna, gishirin ma bai ji ba." Kwananta uku aka sallame ta.

Da la'asar sakaliya na iso Tsafe. Lantana ta jera kwanoni a tsakar gida, kowane da sunan gidan da ya fito. Ba wanda ya dafa. Rabi ta jiƙa nata za ta yi ƙosai da safe, aka kwaso da ruwan. Ta biyo Lantana tana cewa, "Shekara hamsin ina cin abincinki ban mutu ba, sai yau za ki gwada?" Ta ga fuskata, ta zauna gefena.

Na ƙirga. Na Tsafe takwas, na 'Yandoto huɗu, sha biyu. Da goman Bungudu, ashirin da biyu.

Na sake auna na buhu. Sha bakwai. Na sake bin gidajen a kaina, tun daga ranar da na kwance ɗinki. Ashirin da biyu. Lantana ta ce ko awon ne, tiya wani lokaci takan yi tozo. Na ce hannuna bai taɓa yin tozon tiya guda ba.

Ina alwalar magariba abin ya faɗo mini, har butar ta suɓuce. Ranar da na kai na Hafsat tasha, sha ɗaya na auna, na ƙulle ɗaya daban don direba. Babban ƙullin ya kwance bakin kwata, wata mata da goyo ta ajiye kayanta ta taya ni tsincewa, ta ɗaure mini, ta kai har mota. Ni kuma ba na kwana da alherin mutum a kaina. Na ba ta ƙaramin ƙullin, na ce wa direba nashi na nan tafe. Doguwa ce, da zane shuɗi, goyon namiji ne ko mace ban duba ba. Ta ce wajen 'Yankuzo za ta. Ban tambayi sunanta ba.

Washegari tun da safe muna 'Yankuzo, ni da Lantana da Bashiru. Mai gari ya sa aka yi shela. Liman ya faɗa a masallaci. Ran kasuwa na ɗauki mai shela ya zaga rumfa-rumfa: matar da wata tsohuwa ta ba wake a tashar Tsafe, kada ta ci, kada ta ba kowa. Mata biyu suka zo, ba ita ba ce, sun ji ana maganar wake ne sun ɗauka rabo ake.

Ƙauyukan da ke bayan 'Yankuzo sun fi ashirin, ban da rugage. Mun bi sha ɗaya. Duk inda muka shiga sai na fara tambaya ko an yi rasuwa kwanan nan, kuma duk lokacin da aka ce an yi, sai in tambaya ko mace ce mai goyo. A wani ƙauye aka ce wata mai goyo ta rasu sati guda da ya wuce. Na shiga gidan na tambayi kamanninta. Uwar mijinta ta ce gajeruwa ce, kuma rabonta da fita tun kafin kaka. Na yi masu gaisuwa, na fito, na ji kunyar sanyin da raina ya yi.

Bayan sati biyu na koma ofis. Na zauna kan kujera, ba tabarma ba, na ce wa Bashiru ya buɗe akwatinmu ya canza gadin. Baƙuwar wasiƙa a tsayar da ita gefe, kada a share ko ɗaya. Lantana za ta riƙa zuwa Litinin da Alhamis ta duba da kanta, ita kaɗai, ta karanta har ƙarshe kafin ta buɗe baki. Na ce kuma duk wanda aka canza a cikin mutanenmu huɗu, a sa sabon suna ranar da aka ji.

Ya ce, "Tsakanin Alhamis da Litinin kwana huɗu ne, Inna. In wani abu ya shigo ran Juma'a fa?"

Ya koma kallon bangonshi.

Na ce, "To ka duba. Abin da ka gani na banza, ka share, ba sai na ji ba."

Ya daddanna, ya ce an gama. Har na kai ƙofa ya ce, "Wataƙila matar nan ta tasha iri ta yi da shi. Waken mai kyau ne, manyan ƙwaya. Mace mai hankali ba za ta dafa irin wanga ba, ajiyewa za ta yi sai damina. In ko shuka ta yi, hodar ba ta da laifi."

Na ce Allah ya sa. Amma na ga kayan da ta ajiye ran nan da ta taya ni, ɗan ƙullin gari ne da bai kai tiya ba, da ganyen yakuwa. Mai irin wanga kaya ba ta ajiye wake wata shida.

Har yanzu ran kasuwa nakan sa a kai mini kujera tasha, wajen da motocin 'Yankuzo ke lodi. Direbobi sun saba, sukan ce, "Inna, yau ma ba ta zo ba?" Nakan duba duk doguwar mace. Goyon yanzu ya isa tafiya da ƙafarshi, don haka na daina duba bayansu, ina duba wanda suke riƙe da hannu.